Yadda Na'urar CT Ke Ganin Cikin Ƙoƙon Kai

Idan manomi a Dayi ya faɗo daga babur ya bugu a kai, hoton eksiray na yau da kullum ƙashi zai nuna. Jinin da ke taruwa cikin ƙoƙon kai kuwa sai na'urar CT. Shi ya sa ake tura irin wannan majinyaci Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ta hanyar Gwarzo, ko Shika a Zariya.

Na'urar kamar ƙaton zobe take. Gado na shigar da majinyaci ciki a hankali, bututun hasken eksiray na zagaya shi, na'urori a ɗaya gefen na auna hasken da ya ratsa jiki. Ƙashi na tare haske sosai, iska kusan ba ta tarewa. Kwamfuta ke haɗa awon kowace kusurwa ta fitar da hoto yanka-yanka, kamar burodi.

A ma'aunin Hounsfield, injiniyan Ingila da na'urarsa ta fara ɗaukar hoton majinyaci a 1971, ruwa 0 ne, iska -1000. Sabon jini ya fi ƙwaƙwalwa tare haske, don haka yake fitowa fari.

Hasken ya fi na eksiray ɗin ƙirji yawa. Mai juna biyu ta sanar da ma'aikata tun kafin a fara.