Yadda Ake Gyara Rigar Waya Ta Roba Ta Shiga Wata Wayar Daban

Duk wanda ya taɓa zagaya shagunan kayan waya a Tudun Wadar Zariya, ko ya tsallaka PZ a Sabon Gari, ya san amsar nan: "Babu na wayarka, amma ga mai kama da shi." Rigar waya, wadda aka fi sani da kes, ana ƙera ta ne daidai jikin waya guda. Idan waya ta kwana biyu, ko ba ta yi yawa a kasuwa ba, sai a nemi rigarta a rasa. Barin ta haka nan kuma ganganci ne, domin faɗuwa ɗaya kan siminti na iya jawo canjin sikirin, wanda kuɗinsa ya ninka na riga nesa ba kusa ba.

Gyara yana yiwuwa, amma da ƙa'ida ɗaya: rami ana iya buɗe shi, tsawo da faɗi kuwa ba sa gyaruwa.

Mataki na 1: A fara da awo

Kafin a ciro kuɗi, a shiga shafin GSMArena a duba girman wayoyin biyu, wadda ke hannu da wadda aka yi rigar dominta. Misali, iPhone 13 da iPhone 14 duk tsawonsu milimita 146.7 ne, faɗinsu 71.5, bambancin kaurinsu bai kai rabin milimita ba. Don haka rigar ɗaya takan shiga ɗaya, sai dai a duba wajen kyamara da maɓallai. Haka iPhone 8 da iPhone SE na 2020 da na 2022 riga ɗaya suke sawa, kamar yadda Poco X3 NFC da Poco X3 Pro suke. Amma idan bambancin tsawo ko faɗi ya haura milimita 1, a haƙura. Suna iri ɗaya ba hujja ba ne. Wayoyin Tecno ko Infinix biyu na iya zama 'yan gida ɗaya, amma kowace da jikinta.

Mataki na 2: A gane irin robar

Iri uku aka fi samu. TPU ita ce mai santsi, sau da yawa garai-garai, wadda kan koma ruwan ɗorawa idan ta tsufa. Tana laushi da zafi, kuma ita ta fi daɗin gyara. Silikon ya fi taushi da kama ƙura. Yana yankuwa, amma zafi ba ya canza masa siffa, kuma sufa gulu ba ya riƙe shi sosai. Na ukun shi ne busasshen filastik, wanda da an sa masa reza sai ya tsage. Wannan ba na gyara ba ne.

Mataki na 3: A yi alama

A ɗora farar takarda a bayan wayar, a zana wajen kyamara, fitila da wajen ɗora yatsa, sannan a kwafe zanen a cikin rigar da biro. Kada a manta da ƙananan ramuka: wajen caji, sifika, wajen iyafis, da makirfo na biyu da ke saman wayoyi da yawa. Idan aka toshe shi, sauti kan lalace a kira ko bidiyo.

Mataki na 4: Yanka

A cire wayar tukuna. A jiƙa TPU a ruwan zafi na ɗan lokaci, a goge, sannan a yanka da sabuwar reza a kan katako, kaɗan-kaɗan, ana gwadawa. Ƙananan ramuka sun fi kyau da abin huda bel na masu gyaran takalmi. Kowane rami a zagaye kusurwarsa, domin daga kusurwa mai tsini roba ke fara yagewa. Ramin fitila a ba shi fili. Idan roba ta matse ta, haske zai dawo cikin kyamara, hoton dare ya fito kamar an ɗauka cikin hazo. A ƙarshe a goge bakin da sanfefa mai laushi.

Abin da ba a taɓawa

Kusurwoyi huɗu da leɓen da ya ɗara sikirin tudu su ne ke karɓar duka idan waya ta faɗi. Wanda ya yanke su don waya ta shiga, ado kawai ya saya. Haka kuma kada a hura wa riga zafi da waya a ciki, domin batirin litiyam ba ya shiri da zafi.

Gwaji na ƙarshe

A danna kowane maɓalli a ji ya dawo. Rigar da ke danne maɓallin kunnawa na iya sa waya ta riƙa mutuwa tana tashi da kanta. Sannan a kifa wayar a saman katifa a girgiza. Idan kusurwa ɗaya ta zame, wannan rigar ba tata ba ce. A ci gaba da nema.