Yadda Ake Gano Matsalar Ƙofofin Iska a AC ɗin Mota

Da zarar AC ɗin mota ya daina sanyi, sai a ce gas ne ya ƙare. A je a ɗura, a biya kuɗi, a kamo hanya iska na nan da ɗuminta. Sau da yawa gas ɗin lafiyarsa ƙalau, matsalar tana can ɓoye a bayan dashbod. Akwai wani akwatin roba a wurin, a cikinsa ne sanyin AC da zafin hita suke haɗuwa, kuma ƙananan ƙofofi ne ke raba musu hanya. Ɗaya tana gauraya zafi da sanyi, ɗaya tana zaɓar inda iska za ta fita, fuska ko ƙafa ko gilashin gaba, ta uku kuma ita ke shigo da iskar waje ko ta riƙa juya ta ciki. A yawancin motoci kowace ƙofa tana da ɗan injin da ke murɗa ta, wato aktuweta, wanda bai kai tafin hannu ba. A cikinsa akwai moto mai cin bolt 12, da giyoyin roba, da abin da ke gaya wa kwamfutar AC inda ƙofa ta tsaya.

Fara da buɗe bonet. Ka tada mota, ka kunna AC a ƙarshen sanyi, ka ba shi minti biyar. Taɓa bututun AC mai kauri da ke shiga jikin mota, kana kula da fanka da bel. In ka ji shi da sanyi har yana tsattsafo da raɓa, amma a ciki iska mai ɗumi ke fitowa, to kwamfiresa da gas sun yi nasu aikin, sai a koma kan ƙofar gauraya. In kuwa bututun ba sanyi, ka bi ta gas tukuna, domin ƙarancinsa ma yana sa gefe ɗaya ya fi ɗaya sanyi a motoci masu raba sanyin direba da na fasinja.

Daga nan sai aikin kunne, kuma a ganina nan ne ya kamata a fi daɗewa. Kashe injin, ka bar makulli a kunne, ka rage fanka, ka kashe rediyo. Murɗa maɓallin zafi daga ƙarshe zuwa ƙarshe a hankali. Lafiyayyen aktuweta yana ɗan gurnani na daƙiƙa kaɗan ya yi shiru. Wanda haƙoran giyarsa suka cinye kuwa sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas a jere, moto na juyawa, haƙori na tsallake ɗan'uwansa. Wani ba ya ƙara, sai dai ya yi ta kai-komo ba ya tsayawa, alamar abin auna matsayinsa ya goge. Shiru gaba ɗaya kuma yana nufin ko moton ya mutu, ko wuta ba ta isa gare shi. Ka gwada maɓallan ɗaya bayan ɗaya, na zafi, na wurin fitar iska, na iskar waje. Wanda ya tada ƙarar shi ya nuna maka ƙofar. Ɗora yatsa a jikin aktuwetan da kake zargi, za ka ji bugun a hannunka.

Ba kowace mota ke da aktuweta ba. Tsofaffi da yawa wayar ƙarfe ce ke jan ƙofar, wasu motocin Amurka na da kuma da zuƙar iskar injin suke aiki. A masu aiki da zuƙar iskar, in iska ta maƙale a gilashin gaba, nemi siririn tiyon da ya tsage ko ya zare.

Motoci masu AC na atomatik suna iya faɗin ciwonsu da kansu. A Toyota da yawa, ka danne AUTO da maɓallin juya iskar ciki tare, sannan ka murɗa makulli. Lambobi za su fito a allon. 00 lafiya ke nan, 41 ƙofar gauraya, 42 ta shigar iska, 43 ta fitarta. In 21 ta fito alhali motar na cikin inuwa, kada ta dame ka, na'urar auna hasken rana ce ba ta ga rana ba. In za a sa wa motar kwamfuta, a tabbatar mai karanta sashen AC ce, don ƙananan na'urorin nan masu arha lambobin injin kawai suke gani.

Yanzu a duba fiyus, sannan a kai hannu. Yawanci sauke aljihun gaban fasinja ya isa ka ga aktuweta ɗaya ko biyu, na gefen direba kuma sai ka kwanta da tocila a saman fedal. Kada ka taɓa soket mai launin rawaya, na jakar iska ne. Kwance sukurori biyu ko uku da ke riƙe da aktuwetan, ka zare shi, ka kama sandar ƙofar da yatsu ka juya. Ta tafi sumul ta tsaya daram a ƙarshe biyu, iskar kuma ta canja? To ƙofa ba ta da laifi. In ta cije, wani abu ya tokare ta: soson gefenta da ya ɓare, biro da ya faɗa ta ramin gilashi, ko sheƙar ɓera. In kuma tana juyawa sakaka, sandar ta karye. Sabon aktuweta a kan ƙofa mai cijewa ba zai daɗe ba haƙoransa za su bi na tsohon.

Kafin ka sayi wani, auna soket ɗin aktuwetan da mita. A nau'in mai waya biyar, biyu na moto ne, ɗaya bolt 5, ɗaya as, ta ƙarshe kuma tana hawa da sauka tsakanin kusan rabin bolt da huɗu da rabi yayin da ƙofa ke tafiya. In wuta na zuwa moto bai motsa ba, aktuweta ne. In ba ta zuwa, bi waya har zuwa allon maɓallai. Kada ka jona batir kai tsaye ga wayar da ba ka tantance ba.

Wasu masu gyara sukan haɗe tiyon hita a bonet su ce an huta. Sanyi zai dawo, amma ƙofar na nan a lalace, kuma da asubahin hunturu ko ranar ruwan sama, lokacin da gilashi ya yi hazo, za ka nemi iskar ɗumi ka rasa.

Wajen sayen wani aktuweta, sabo ko na Beljiyam, bi lambar da ke jikin tsohon, don suna kama da juna amma kusurwar juyawarsu ta bambanta. Daidaita bakinsa da sandar ƙofa ya shiga ba tare da dole ba. Bayan ɗaurewa, motoci da yawa suna buƙatar su sake koyon iyakar ƙofar: cire fiyus ɗin AC na kamar minti ɗaya, mayar, kunna makulli, kada ka taɓa kowane maɓalli na minti biyu. Wasu sai da kwamfuta. Sannan ka gwada zafi, sanyi, fuska, ƙafa da gilashi, duk kafin ka mayar da aljihun dashbod.