Dutsen Zinare da Gubar da Ido Ba Ya Gani

Jama'ar Tambuwal da Kebbe, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a maƙwabtanmu Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Magidanta ne suka kwaso duwatsun zinare masu ɗauke da dalma zuwa gida, aka daka a turmi, aka niƙa a inji. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Sai amai, sai farfaɗiya, sai makoki.

Ido ba ya rarrabe dutse mai guba da marar guba. Ku dubi ɗakin da uwargida ta share tas har tana alfahari da shi: da zarar hasken hantsi ya kutso ta kafar taga, sai ga ƙura fal tana yawo, alhali tun farko tana nan, haske ne kawai ya tona ta. Haka hasken eksire yake wa dutse. Da ƙaramar na'urarsa ta hannu aka auna dalmar ƙasar waɗannan ƙauyuka.

Akwai kuma babbar na'ura, sinkurotiron. Ta Grenoble a Faransa kewayenta mita 844 ne. A cikinta ake kora ƙwayoyin lantarki da gudun da ya kusa na haske, maganaɗisu na lanƙwasa hanyarsu, su fitar da eksire mai tsananin ƙarfi. Da shi masana ke gane irin dalmar da ke cikin ƙasa, domin wata ta fi wata saurin narkewa a cikin mutum. Da shi ake duba ƙarfe, batir da magunguna. Jodan ta buɗe tata a 2017.

Binciken duwatsun Zamfara ya nuna dalmarsu mai saurin narkewa ce. Duk da haka a 2015 aka maimaita irin wannan bala'i a Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Wannan sakaci ne.

'Ya'ya amana ce, kuma Allah zai tambaye mu. Kada dutsen haƙa ya shiga gida. Mai haƙa ya yi wanka, ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa. Turmin abinci na abinci ne. Yaron da ya fara sanƙarewa a garzaya da shi asibiti, a gaya wa likita sana'ar ubansa.