Kafin Ka Kai Furenka Gaban Alƙali

Ɗana, mahaifinka ya gaya mini layi ya zo kanka, hukumar garinku ta ba ka ɗan filin lambun haya, kuma ka ƙudura a ranka daliya za ka shuka, har kana harin gasar furanni ta watan Satumba. Na yi murna ƙwarai, Allah ya sa albarka. Mu da muka daɗe a Ingila mun san yadda hannun mutum yake ƙishin taɓa ƙasa a garin da ko'ina siminti ne. Sai dai ina so ka ba ni aron kunnenka kafin ka buɗe kundin masu sayar da iri, domin a nan ne yawancin sababbin shiga suke fara ɓata hanya.

Ka fara da sanin inda ta fito. Daliya 'yar tsaunukan Meziko ce, har ƙasar ta ɗauke ta furen ƙasa a 1963. A 1789 aka aika da irinta lambun sarki da ke Madrid, inda wani malamin tsirrai, Antonio José Cavanilles, ya rene ta, ya raɗa mata sunan Anders Dahl, masanin tsirrai ɗan Suwidin. Abin da ya shafe ka a wannan tarihi shi ne yanayin tudun da ta taso: rana mai ɗumi, dare mai sanyi, ruwan sama lokacin girma, sannan rani ya zo ta kwanta ta huta a ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa abu biyu ke kashe ta a nan, daskararriyar raɓar hunturu da ƙasa mai riƙe ruwa. Zafi irin na bazarar Kano ma ba ta jure shi. Duk abin da zan faɗa maka daga nan ya samo tushe.

Nau'o'in da aka yi wa rajista sun haura 50,000. Dalilin wannan yawa yana cikin halittarta: yawancin tsirrai jeri biyu na ƙwayoyin gado suke ɗauke da su, daliyar lambu kuwa takwas gare ta. Idan ka shuka ƙwayar irin fure ja, kana iya samun rawaya, ko fari, ko wani abin da ba a taɓa gani ba. Saboda haka mai son ainihin furen da ya gani a hoto ba ya shuka ƙwaya, saiwa yake saya ko reshen da aka yanka aka kafa. In kuma wani ya tallata maka daliya shuɗiya, ka riƙe kuɗinka, babu ita.

Yanzu ga inda nake so ka kama zuciyarka. Kundin nan zai nuna maka hotuna har idonka ya rufe, ka ji kana son ɗaya daga kowane iri. In ka bi son ranka ka sayi iri goma sha takwas, gindi ɗaya-ɗaya, lambunka zai yi kyau, amma ranar gasa ba ka da abin kaiwa. Alƙali fure uku ko biyar yake nema a mazubi guda, duk iri ɗaya, girma ɗaya, launi ɗaya, kuma duk sun buɗe a rana ɗaya. Gindi ɗaya ba ya ba da haka sai da sa'a. Ka zaɓi iri uku kawai, ka dasa gindi shida na kowanne. Kada ka fara da manyan nan masu faɗin da ya wuce santimita 25, irin su Sir Alf Ramsey. Suna ɗaukar ido, amma suna son rumfa don kare su daga ruwan sama, kuma ƙaramin tabo a jikinsu daga nesa ake hango shi. Ka nemi ƙanana masu siffar ƙwallo, kamar Jomanda da 'yar'uwarta Mary's Jomanda, ko 'yan mitsi-mitsin nan irin Moor Place. Suna da haƙuri da sabon hannu, suna ba da fure da yawa, ruwa kuma ba ya saurin lalata su.

Ka ware wani gefe daban don ado da jin daɗin iyali, kada gasa ta cinye filin duka. A nan ka sa Bishop of Llandaff, mai jan fure da ganye kamar baƙi, wadda aka samar a Kadif tun shekarun 1920, da Café au Lait mai launin shayi da madara in matarka na son na sawa a ɗaki. Masu buɗaɗɗiyar tsakiya su ne ƙudan zuma ke samun abinci a jikinsu, yawancin waɗanda ake kaiwa gasa kuwa tsakiyarsu a rufe take. Na wannan gefen ba sa buƙatar komai sai ruwa da cire furen da ya gama. Ka lura da kyau a nan: ƙullin da bai buɗe ba zagayayye ne, mai tauri, wanda ya riga ya zubar da furensa kuwa yana da tsini, in ka matsa shi za ka ji laushi. Mai tsinin za ka yanke. Muddin kana yankewa, gindin zai yi ta fure har sanyi ya shigo.

Idan saiwar ta iso hannunka za ka ga ta yi kama da tarin dankalin Hausa da aka ɗaure a wuya ɗaya. Kada kamar ta ruɗe ka. Idon da zai tsiro yana can sama, a inda saiwar ta haɗu da tsohon kara, kuma duk saiwar da ta karye ta rabu da wannan wuri ba za ta taɓa toho ba komai ƙibarta. A watan Maris ka jera su a faranti mai ɗan danshin ƙasa, a ɗakin gilashi ko bakin taga mai haske, ka bar wuyan a waje. In toho ya kai tsawon yatsa, kamar santimita 7 ko 8, ka yanke shi da wuƙa mai tsabta daf da ƙarƙashin gaɓa, ka soke shi a ƙaramar tukunya. Cikin mako biyu zuwa uku zai yi jijiya. Da haka saiwa ɗaya ke ba ka gindi shida, kuma tsofaffin 'yan gasa sun fi son irin waɗannan, don furensu ya fi tsabta da daidaito.

Kada ranar Afrilu ta yaudare ka ka fitar da su. Dare ɗaya na daskarewa ya isa ka wayi gari ka tarar da su baƙi ƙirin. Ka jira ƙarshen Mayu, in kana arewacin ƙasar ma farkon Yuni, bayan ka yi kwana goma kana fitar da tukwanen da rana kana mayarwa da dare don su saba da iska. Ka haƙa ƙasa ka zuba ruɓaɓɓen taki, ka bar tazarar santimita 60 tsakanin gindi da gindi. Sandar tokara kuwa ita ake fara kafawa kafin dashe, don in ka bari sai daga baya, saiwar za ka soke. Karan daliya rami ne a cikinsa, iskar Agusta guda ta isa ta kwantar da aikin wata uku.

Sai aikin da ya fi wa sabon shiga nauyi, wanda kuma shi ne ya raba mai lambu da ɗan gasa. Wajen tsakiyar Yuni, in gindin ya yi gaɓa huɗu na ganye, za ka sa farce ka tsinke kansa. Hannunka zai yi nauyi, domin ga tsiro lafiyayye yana miƙewa sama, kai kuma ka zo ka katse shi. Ka daure ka yi. Daga kowace hammatar ganye reshe zai fito, a maimakon kara ɗaya ka samu shida ko takwas. Bayan wasu makonni kowane reshe zai fito da ƙulli uku a kansa, babba a tsakiya, ƙanana biyu a gefe. Da sun kai girman ƙwayar wake, da sassafe lokacin da suke cike da ruwa, ka ture na gefen da babban yatsa, za su ɓalle da kansu ba sai da wuƙa ba. Ka sauko gaɓa biyu ko uku ƙasa, ka cire ƙananan tohon da ke leƙowa. Abincin da fure uku za su raba sai ya tafi ga guda ɗaya, ya fito da cikar siffa a kan dogon kara miƙaƙƙe. Zubar da fure biyu don a sami ɗaya ba ya yi wa kowa daɗi da fari, amma ba a kai wa teburin gasa sai ta wannan hanya. Daga ƙulli mai girman wake zuwa cikakken fure kimanin wata guda ne, don haka ka ƙirga baya daga ranar gasa, ka rubuta a littafi ranar da ka yi kowane aiki. Wannan littafin zai fi kowane kundi amfani gare ka baɗi, domin labarin ƙasarka da yanayin unguwarku yake ɗauke da shi.

Ruwa a ba ta ta ƙoshi sau ɗaya ko biyu a mako, a gindi, ya fi yayyafi kullum. Ka rufe ƙasar da ciyawa ko taki don danshi ya zauna. Da ƙulli ya bayyana ka koma takin ruwa irin na tumatir, mai yawan fotash. Naitirojin in ya yi yawa a ƙarshen lokaci kara zai yi laushi, saiwar kuma ta ruɓe a ajiya.

Abokan gabanta ba su da yawa amma ba sa barci. Dodon koɗi da ɗan'uwansa marar ɓawo suna iya cinye sabon dashe a dare guda, ka fita da tocila bayan isha'i ka tsince su. Tsohon maganin nan mai suna metaldehyde an hana amfani da shi a Birtaniya tun 2022, kada wani ya ba ka ragowar nasa ka karɓa. Akwai kuma wani ɗan ƙwaro mai ruwan ƙasa da ƙaho biyu a wutsiya, yana shiga fure da dare ya huda shi. Ka cusa ciyawa a ƙaramar tukunya ka kifa a kan sandar tokara, zai shiga ya ɓuya da asuba, ka zazzage shi da safe. Darɓa kuwa cuta take yaɗawa. In ka ga gindi ya tsumbure, ganyensa ya yi dabbare-dabbaren rawaya, babu magani. Ka tumɓuke shi ka fitar daga lambun, ko da shi ne wanda ka fi ƙauna, don ka tsirar da sauran.

Kada ka yi wannan tafiya kai kaɗai. Da ɗan gari akan ci gari. Ƙungiyar masu daliya ta ƙasa, National Dahlia Society, tana nan tun 1881, tana yin babbar gasarta a lambun Wisley a watan Satumba, kuma kusan kowane yanki yana da ƙaramar ƙungiyarsa. Ka je taronsu ka gaishe da dattawan, ka gaya musu kai ɗan koyo ne. Za ka ga mutumin da ya shafe shekara arba'in yana wannan aiki ya ja ka zuwa filinsa, ya nuna maka komai, har ya cika maka jaka da saiwa kyauta. Irin da ya yi kyau a filin maƙwabcinka ya fi wanda ya yi kyau a hoto. Ka je Wisley kallo, amma gasarka ta farko ta zama ta ƙauye ko ta unguwa, a rukunin sababbin shiga.

Ɗan littafin dokokin gasa, ka karanta shi kamar takardar yarjejeniya. In an ce uku, kada ka sa huɗu. Alƙalai suna yawo da zoben awo, kusan kowane rukuni da nasa, kuma furen da ya ƙi wucewa ta cikin zoben an fitar da shi komai kyansa. Saboda haka a ƙananan rukunai girma ba abin alfahari ba ne. In ka ga furenka na neman wuce kima, baɗi ka bar wa gindin ƙarin rassa.

Ka yanka da yammacin jajibiri ko da asuba, da bokitin ruwa a gefenka, kara ya shiga ruwa nan take. Daliya ba ta ƙara buɗewa sosai bayan an yanke ta, ka zaɓi wadda ta cika. Kafin ka sa wuƙa ka juya furen ka dubi bayansa, domin nan alƙali zai fara dubawa. In ganyayen furen da ke baya sun yi laushi ko sun fara canza launi, lokacinsa ya wuce. Ka dubi tsakiya, ta kasance a rufe, ba kore ba, ba kuma rawayan ido a waje ba. Uku matsakaita masu kama da juna sun fi babba ɗaya da ƙanana biyu. Ka tafi da na ko-ta-kwana, ka ɗaure kowane kara a jikin sanda don kada su gogi juna a mota. A teburi ka bar ganye gaɓa ɗaya ko biyu, ka tokare karan a mazubi da takarda har su tsaya suna fuskantar gaba, ka rubuta sunan irin a kati da hannu mai kyau. Daga nan za a ce kowa ya fita daga tanti.

In aka buɗe, wataƙila ka tarar da jan kati na ɗaya, ko shuɗi na biyu, wataƙila kuma ba komai. Ko wanne ne, ka nemi wanda ya ci ka taya shi murna da zuciya ɗaya, sannan ka nemi alƙalin ka tambaye shi cikin ladabi abin da ya gani a naka. Mafi yawansu suna jin daɗin wannan tambaya, kuma a minti biyar zai nuna maka abin da idonka ya kwana yana kallo bai gani ba. Kada ka yi gardama da hukunci a gaban mutane, ɗana, ko da kana ganin an kuskure. Da waɗannan mutanen za ka sake haɗuwa baɗi.

Wajen ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba sanyi zai baƙanta ganyen. Ka sare karan ka bar kamar santimita 15, ka sa cokalin haƙa daga nesa ka ɗago saiwar a hankali don kada wuyanta ya karye. Ka ɗaura mata suna tun kafin ka ɗago ta gaba, domin a cikin akwati duk kamarsu ɗaya. Ka kife su mako biyu ruwan cikin karan ya tsiyaye, sannan ka ajiye su cikin busasshiyar ƙasa ko garin katako, a wuri mai sanyi da ba ya daskarewa, kamar digiri 5. Kowane wata ka buɗe ka duba, in ka ga inda ya fara ruɓewa ka yanke shi har ka kai ga farin nama. Saiwar gindin da ya ba ka fure mafi kyau ka yi mata alama ta daban, daga ita za ka yanki dashen Maris.