Bargon Faci na Matan Gee's Bend

A darasin ɗinki mun saba share ƙyallayen da suka zube ƙasa mu kai bola. Bari mu duba wani ƙauye inda irin waɗannan ƙyallaye suka zama abin rufa, daga baya kuma abin alfahari.

Gee's Bend ƙauyen baƙar fata ne a jihar Alabama ta Amurka, kogi ya kewaye shi ta gefe uku. Mutanensa jikokin bayi ne da suka yi noman auduga a wurin, shi ya sa da yawansu ke amsa sunan Pettway, sunan ubangidan kakanninsu. A da, gidajensu na katako ne, sanyin hunturu yana shiga ta kowace kafa, kuɗin sayen bargo kuwa babu. Sai mata suka riƙa farke tsofaffin wandunan aiki da riguna da buhunan gari suna harhaɗawa.

Bargon hawa uku ne: fuska, wadda aka yi da ƙyallaye, da auduga a tsakiya, da shafi a baya. Zanen da suka fi so suna kiransa rufin ɗaki. Akan fara da ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu, a ɗinka masa dogon yanki a kowane gefe, a sake kewayawa, har ya kai girman da ake so. Littattafan ɗinki sun ce a bar kwatan inci a kowane baki domin gutsattsarin su haɗu daidai. Matan nan ba su cika damuwa da awo ba, ido ne ma'auninsu. Mu dai a aji gara mu fara da awon, don wanda hannunsa bai faɗa ba, karkatarsa ba ado ba ce.

Fuskar bargo kowace mace takan haɗa tata ita kaɗai. Amma ɗinke hawa ukun nan wuri ɗaya aiki ne mai cin rai, dubban sukar allura ne. A nan ne maƙwabta sukan taru, kamar yadda muke gayya a gona. Su ɗaure bargon a kan katako, su zauna kewaye, suna ɗinki suna hira da waƙoƙin sujada. In an gama na wannan, a koma na waccan. 'Yan mata kuma a nan suke koyo, tun daga zura zare a allura.

A 1966, lokacin da ake korar baƙar fata daga gonakin haya saboda sun yi rajistar zaɓe, matan yankin suka kafa ƙungiyar gama kai mai suna Freedom Quilting Bee, suna sayar da barguna don ciyar da iyali. A 2002 aka baje bargunan Gee's Bend a gidan nune-nunen fasaha na birnin Houston, a 2006 kuma hotunan goma daga cikinsu suka fito a kan sarkin gidan wayar Amurka.