Shekarar Ciyawa Ita Ce Shekarar Wuta

Wani makiyayi daga wajen Dakoro a Nijar ya aiko da tambaya. Ya ce damina ta yi albarka, ciyawa ta kai gwiwa, amma tun kafin a gama ɗaure gero sun fara hango hayaƙi a daji. Yana so ya san abin da ke sa gobara ta fi yawa a shekarar da ruwa ya wadata, da abin da za su yi.

Malam, wuta ciyawa take ci. A shekarar fari, dabbobi kan lashe ɗan abin da ya tsiro, fili ya koma faƙo, ko an jefa ashana babu abin kamawa. Idan ruwa ya sauka sosai kuwa, ƙarangiya da burburwa da kyasuwa sukan rufe daji ba tsinkewa. Ruwa na ɗaukewa a watan Oktoba su bushe ƙayau, hunturu ya taso daga arewa maso gabas, sai abin da zai kunna kawai ake jira. Mai kunnawar kuma kusan kullum mutum ne: yara masu farautar gafiya da zomo, mai cire zuma da ya yar da bakin wuta, matafiyi da ya dafa shayi ya bar garwashi, mai guntun sigari, manomi mai ƙona shara da rana tsaka.

Akwai kuskuren da nake yawan ji, wai ƙuna tana kawo sabon toho. Wannan maganar kudu ce, inda gamba take da saiwa mai rai a ƙarƙashin ƙasa kuma akwai sauran laima. Ciyawarku ta arewa shekara ɗaya take yi, daga iri take fitowa. Idan ta ƙone a Nuwamba, ba wani kore sai ruwan Yuni ko Yuli. Wata bakwai ke nan ko takwas na sayen dusa da tsada, ko sayar da saniya a farashin wulaƙanci, ko gangarawa kudu da wuri alhali manoma ba su kwashe amfani ba. Kowa ya san abin da hakan ke haifarwa. Wutar kan cinye wani kaso na irin da ya zuba, ta kashe ƙananan itatuwa, ta bar ƙasa tsirara iska ta kwashe.

Dattawan zango a Gana ba su manta da 1983 ba. Fari ya busar da har dazuzzukan da ba su saba ƙonewa ba, wuta ta cinye gonakin koko da na abinci, yunwa ta biyo baya, ga kuma kimanin mutum miliyan ɗaya da aka koro daga Nijeriya a shekarar. Daga baya, a 1990, Gana ta yi dokar da ta tanadi 'yan sa-kai na kashe gobara a garuruwa da ƙauyuka. Nijeriya ma tana da dokar hana ƙona daji barkatai tun 2011, sai dai takarda ba ta taɓa tare harshen wuta ba.

Abin da ke tarewa shi ne layin da aka share. Ku fito da hauya da manjagara tun ciyawa ba ta gama bushewa ba, ku kankare ta har ƙasa, faɗin taku ashirin. Layin ya gitta hanyar iska. Wanda ya bi iska a tsaye wahalar banza ce. Ku datsa makiyayar gida-gida, yadda in ɗaya ya kama sauran za su tsira. Ciyawar da aka kankare kada a jibge ta a bakin layin, a kwashe a adana, ingirici ne da zai yi rana a bazara. Haka za a kewaye ruga da rumbuna, a kuma nisanta tarin kara da zana daga madafa. Aikin ya fi ƙarfin gida ɗaya, don haka mai gari da arɗo su sa ranar gayya, a sanar da jami'an gandun daji. A Nijar an saba da wannan aiki.

In wuta ta riga ta tashi, kada kowa ya tare ta ta gaba. A bi ta daga baya da gefe, da ɗanyen reshe ko jiƙaƙƙen buhu ko yashi, ana mayar da tartsatsi cikin inda ya ƙone. Ta fi laushi da asuba da dare. Tana gudu a kan hawa fiye da gangara, saboda haka ba a tsere mata zuwa tudu. A nufi faƙo, ko hanya, ko wurin da ta riga ta cinye. A kora dabbobi tun hayaƙi na nesa, a rufe hanci da jiƙaƙƙen rawani, yara kuma su zauna gida.

Kunna wata wuta don ta tari mai zuwa dabara ce ta gaske, amma ban yarda wanda bai taɓa yi ba ya gwada. Iska na juyawa, wuta biyu za ku kashe. Bayan an ci ƙarfinta, a bar mutum biyu su kwana suna duba kututture da busasshen kashin shanu, don sukan riƙe garwashi har gari ya waye.