Darasi daga jingar kogin Logone

'Yan'uwa, a darasin wannan karo za mu duba tarihin jingar kogin Logone a arewacin Kamaru, domin mu ga abin da za mu koya game da tsare ƙauyukanmu daga ambaliya.

Logone ne ya raba Kamaru da Chadi a wannan yanki. Kowace damina yakan cika ya malala cikin fadamun da Fulani ke kira yayre. Da wannan ruwa Musgum da Kotoko suke samun kifi, makiyaya kuma su sami ciyawar rani.

A 1979 hukumar noman shinkafa ta SEMRY ta gina madatsar ƙasa a Maga, mai tsawon kilomita 27, ta kuma yi jinga a gefen kogin. An haƙa hanyar ruwa daga Logone zuwa tafkin, daga tafkin kuma zuwa gonakin shinkafa. An sami shinkafa, amma ruwa ya daina kaiwa wani babban sashe na fadamar. Kifi ya ragu, ciyawa ta bushe, mutane suka yi ƙaura. Sai a 1994 aka sake buɗe wani reshen ruwa da jingar ta toshe, ciyawa da kifi suka fara dawowa.

Shekaru suka wuce babu gyara sosai. Igiyar ruwa ta yi ta cin jikin jingar. A 2012 ruwa ya yi yawa ƙwarai, ya lalata sassanta, dubban mutane suka bar gidajensu. A 2013 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 108 don gyaran madatsar da kilomita 70 na jingar.

Abin da muka koya

Jinga ba ta hallaka ruwa, juya shi kawai take yi. In mun tare shi a nan, wani wuri zai bi, saboda haka mu yi shawara da ƙauyukan da ke sama da ƙasa da mu kafin mu tara ƙasa.

Jinga kuma ba ta karyewa rana ɗaya. Ramin ɓera, gidan gara, turbar shanu, da 'yar kafar da manomi ya fasa don ban ruwa, su ne ƙofar ɓarna. Ɓaraka tun tana ƙarama ake ɗinke ta. A zaga jingar da rani, a cike ramuka a daddaɓe, a dasa ciyawa mai riƙe ƙasa, a yashe hanyoyin ruwa kafin ruwan fari.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wa ya gina jingar garinmu, a wace shekara? Mu tambayi dattawa.
2. Ina ruwa ya saba fasawa?
3. Wa ke da alhakin dubawa, wa kuma zai sanar da jama'a da dare?
4. In ta karye, wane tudu za mu nufa, kuma wa zai ɗauki tsofaffi da marasa lafiya?